Wai me jirgin da iska ke turawa zai tsinana wa masu binciken teku?

Duk lokacin da aka saka hoton wani jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa ɗin nan, aka rubuta a ƙasa wai ya tafi binciken kimiyya, sai ka ga tambayar mutane ɗaya ce: a wannan zamanin? Ga taurarin ɗan adam suna ta zagaya duniya suna ɗaukar hoto dare da rana, ga manya-manyan jiragen bincike masu ɗakunan gwaji hawa-hawa, sannan a ce wasu mutum goma sha wani abu sun ɗaura ƙyalle a jikin dogon ƙarfe sun faɗa teku wata da watanni, kuma rabinsu ma ba masana ba ne, wani akawu ne, wata malamar makaranta, wani dattijo ɗan fansho. Ni ma da farko kallon yawon buɗe ido na yi wa abin, yawon da aka sanya wa farar rigar masana don ya yi kwarjini. Kuma gaskiya wani ɓangarensa hakan ne, zan zo kansa. Amma sai an fara gane irin giɓin da ake son cikewa, in ba haka ba maganar ba za ta zauna ba.

Teku ya rufe wajen kashi 71 cikin 100 na doron duniya, matsakaicin zurfinsa kusan mita 3,700. Shi ke shanye wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ke tarawa, ya kuma haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan adam ke fitarwa. To amma tauraron ɗan adam ɗin da muke taƙama da shi fatar ruwan kawai yake gani. Na'urar da ke auna zafi daga sama abin da take karantawa bai kai kaurin farce ba, wadda ke duba launin ruwa kuma saman-saman ne iyakarta, shi ma sai in babu gajimare. Saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri. Saboda haka duk abin da ke ƙasa, zafi ne, gishiri ne, halittu ne, dole sai wani ya je wurin ya zura wani abu a ciki. Ko taswirar ƙasan tekun ma, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Seabed 2030 a 2017, kashi 6 cikin 100 kacal aka auna da na'urorin zamani, sai a 2024 aka ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu.

Manyan jiragen bincike suna nan kuma suna aiki mai kyau, sai dai ba su da yawa, ga shegen cin kuɗi. Babba guda ɗaya yana iya lashe dala 30,000 ko fiye a kwana ɗaya tsakanin mai da albashi da gyara, masani kuma sai ya rubuta takardar neman gurbi ya yi shekaru yana jira kafin a ba shi 'yan makonni a teku. Jiragen dakon kaya suna taimakawa, da yawansu suna aiko da rahoton yanayi, akwai ma wata na'urar tace filankton, ƙananan halittun da ruwa ke ɗauka, da suke ja a bayansu tun 1931. Amma jirgin kaya ba ya kauce hanya don wani masani, daga wannan tasha zuwa waccan ne, layi ɗaya kullum, mafi yawa a arewacin duniya. In ka kalli taswirar wuraren da aka taɓa yin awo za ka ga layuka sun yi baƙi ƙirin tsakanin Turai da Amurka da Asiya, can kudu kuwa, musamman tekun da ya zagaye Antatika, wayam.

Nan ne jirgin filafilai ya samu ƙofa. Iska ba a sayenta, don haka zai yi watanni bai nemi mai ba sai ɗan abin da janareto zai sha. Yana shiga ruwa marar zurfi kusa da duwatsun murjani inda babban jirgi ba zai kuskura ba. In aka kashe inji shiru ne, mai sauraron kukan kifin wel da makirfon ɗin ƙarƙashin ruwa zai ji abin da ya zo ji, mai auna iska kuma babu hayaƙin da zai ɓata masa lissafi. Uwa uba, da ma can mutanen nan tafiya za su yi, ɗaruruwan ƙananan jirage ke tsallaka Atlantika duk shekara don sha'awa, ko an ba su na'ura ko ba a ba su ba.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Wajen 1769 Benjamin Franklin, yana kula da harkar gidan waya a lokacin, ya rasa gane dalilin da jiragen wasiƙu daga Ingila ke makara da kusan sati biyu a kan na 'yan kasuwa. Ɗan uwansa Timothy Folger, kyaftin ɗin jirgin farautar kifin wel daga Nantucket, shi ya zana masa wannan kogin ruwan ɗumi da ke gudu a cikin teku, Gulf Stream, ya ce ai mafarauta sun daɗe da saninsa, masu wasiƙu ne ke ta dambe da shi. Bayansa Matthew Maury na rundunar ruwan Amurka ya fito da ciniki mai sauƙi a shekarun 1840: zai ba kyaftin taswirar iska da kwararar ruwa kyauta, shi kuma kyaftin ya cike masa fom na abin da ya gani kullum a hanya ya dawo da shi. A 1853 aka yi taro a Brussels ƙasashe suka amince da fom iri ɗaya. Ku riƙe wannan kalma ta "iri ɗaya", don kusan duk rigimar fannin nan a kanta take. Ita kanta tafiyar da ake cewa ita ta haifi kimiyyar teku, ta jirgin Challenger na Birtaniya daga 1872 zuwa 1876, da filafilai aka yi mafi yawanta, an tsaya awo a wurare 362, an samo sabbin halittu fiye da 4,000, rahoton kuma ya cika mujalladi 50 bai kammala ba sai 1895.

A zamaninmu in ana maganar jirgin filafilai da ya yi kimiyya ta gaske, ba mai musu, sunan Tara ne ke fara zuwa. Jirgin Faransa ne na alminiyom mai tsawon mita 36, an ƙera shi a 1989 don tafiyar ƙanƙara, cikinsa a zagaye yadda in ƙanƙara ta matse shi zai yi sama maimakon ya farfashe. Ya taɓa zama na Peter Blake, shahararren matuƙin nan ɗan New Zealand da 'yan fashi suka kashe a kansa a bakin kogin Amazon a Disambar 2001. A 2003 mai zanen tufafi agnès b. da ɗanta Étienne Bourgois suka saye shi suka sa masa wannan suna. A Satumbar 2006 aka kai shi tekun Aktik da gangan aka bar ƙanƙara ta daskare da shi a ciki, ta yi ta tafiya da shi kwana 507 har ta sake shi a Janairun 2008. Nansen ɗan Norway ya yi irin wannan da jirgin Fram daga 1893 zuwa 1896, sai ga shi ƙanƙarar ta kwashi Tara da saurin da ya kusa ninka na Fram, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wani abu ya sauya a can.

Amma babban aikinsa shi ne na 2009 zuwa 2013, farautar filankton. Filankton dai shi ne duk wata halitta da ruwa ke ɗauka ya yi inda ya ga dama da ita, tun daga bairos da bakteriya, zuwa ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya tal, zuwa 'ya'yan kifi. Ido bai cika ganinsu ba, amma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya aikinsu ne, kuma kusan duk abin da ke rayuwa a teku a kansu yake ci. Tara ya tsaya a wurare 210, ya kwaso samfur wajen 35,000. Kuma aikin ba irin na hoton Instagram ba ne fa. Jirgi zai tsaya wuri ɗaya yini guda ko biyu yana ta tangaɗi, a sauke jerin kwalabe da igiyar ƙarfe zuwa ɗaruruwan mitoci, kowace ta rufe bakinta a zurfin da aka saita mata, a ja raga kala-kala, a tsotso ruwa lita bayan lita a bi da shi ta matata, wannan ta fi waccan ƙananan huji, har a kai wadda bairos ne kawai zai wuce. Sai mutum ya sa safar hannu, ya ɗauki hantsaki ya ninke 'yar farar matatar nan da ta ɗan yi kore, ya cusa ta a 'yar kwalba mai lamba, ya jefa cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma cikin 'yan mintuna za a yi wannan don abin da ake nema a cikin ƙwayoyin saurin lalacewa gare shi. Duk wannan a 'yar bukka a bayan jirgi, kana dafe da bango da gwiwa, cikinka na juyawa.

Da aka fitar da sakamako a mujallar Science a 2015, an samu ƙwayoyin gado wajen miliyan 40, mafi yawansu ba a taɓa saninsu ba. Nau'in filankton masu cikakkiyar ƙwaya, wato waɗanda ba bairos ko bakteriya ba, da aka sani da suna wajen 11,000 ne, DNA ya nuna alamun wajen 150,000. A 2019 aka ƙara da nau'ukan bairos kusan 200,000. Abin da ya ba aikin nan daraja ba jirgin ba ne, a ganina, hanya ɗaya aka bi a kowane wuri, daga Bahar Rum har Fasifik, sannan aka saki bayanan kyauta kowa ya ɗauka. Sai dai a lura, Tara ba aikin 'yan koyo ba ne, masana ne daga manyan cibiyoyi irin EMBL da CNRS suka sauya abin hawa kawai.

Wannan shi ne mataki na farko, masana da kansu a jirgi. Mataki na biyu su ne 'yan tsere. Gasar Vendée Globe, wadda mutum ɗaya ke zagaya duniya shi kaɗai ba tsayawa daga Les Sables-d'Olonne a Faransa, tana bi ne ta cikin Tekun Kudu, wanda ya zagaye Antatika, daidai wurin da taswirar awo ta fi zama fanko. Waɗannan mutane ne da ke ƙirga nauyin komai a jirgi, amma a gasar 2020 Boris Herrmann ɗan Jamus ya yarda ya ɗauki akwatin da ke tsotsar ruwa ta ƙasan jirgi yana auna zafi da gishiri da yawan kabon duk tsawon hanya, ana zuba sakamakon a rumbun SOCAT da masu lissafin kabon ɗin duniya ke amfani da shi. Masana a Jamus sun gwada lissafin da bayanan irin wannan jirgi da kuma ba tare da su ba, suka ga a Tekun Kudu bambancin a fili yake. Ka ji fa, jirgi ɗaya. Ba don jirgin ya yi wani abin al'ajabi ba, don dai wurin babu kowa ne. A gasar 2024 matuƙa 25 cikin 40 ne suka ɗauki wata na'urar kimiyya.

Wasu abin da ake ba su shi ne na'urar Argo, wani dogon bututu mai nauyin kusan kilo 20, a ce in ka kai wuri kaza ka kunna ka jefa. Shi kenan aikin matuƙi. Ita kuma za ta nutse mita 1,000 ta bi ruwa kwana tara, ta ƙara nutsewa zuwa mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan adam, ta koma, haka duk kwana goma har batir ya mutu bayan shekara huɗu ko biyar. Akwai kusan 4,000 a tekunan duniya, kuma kullum sai an maye gurbin waɗanda suka mutu, matsalar ita ce wa zai kai su lungu.

To sai mataki na uku, wanda shi ne ainihin abin da ake kira kimiyyar jama'a, wato mutumin da bai karanci fannin ba ya yi awo da hannunsa. Misalin da ya fi burge ni shi ne wanda ya fi kowanne arha. A 1865 wani malamin coci kuma masanin taurari, Angelo Secchi, ya gwada wani farin faifai a Bahar Rum a kan jirgin Paparoma, don auna garau ɗin ruwa. Har gobe da shi ake aiki. Faifai ne fari mai faɗin santimita 30, a ɗaura masa ɗan nauyi a ƙasa, a haɗa shi da tef ɗin awo. Ka tsayar da jirgi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, ka cire baƙin gilashi, rana a bayanka, ka yi ta sakin tef a hankali kana kallon faifan yana dusashewa, daga fari ya koma shuɗi-shuɗi, ya koma kamar inuwa, har ya ɓace. Inda ya ɓace ɗin nan sai ka karanta lambar da ke daidai saman ruwa. A tsakiyar teku nesa da lakar koguna, abin da ke rage wa ruwa haske shi ne filankton mai tsiro, don haka in faifan ya ɓace da wuri suna da yawa, in ya yi nisa sun yi ƙaranci.

Me ya dawo da wannan tsohon abu? A 2010 wasu masana a Kanada suka wallafa cewa filankton mai tsiro ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100 tun 1950. Aka yi caa a kansu, wasu suka ce ai kun haɗa awon faifai na da da awon na'urar zamani, biyun ba ɗaya ba ne, raguwar ta lissafi ce kawai. Shi ne a 2013 wani masanin filankton a Plymouth, Richard Kirby, ya ce to mu koma wa faifan mana, kowane mai jirgi ya yanka nasa, ya sauke manhaja a waya, waya ta ɗauki wuri da lokaci, in ya samu intanet ta tura. Hikimar ita ce awon yau zai zauna kusa da awon shekara ɗari da suka wuce ba tare da gardama ba, tunda abu ɗaya aka yi. Kuma yana da wuya ka ɓata shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Roba kuwa labarinta daban, ita ce ta fi jan jama'a kuma ita ce ta fi saurin ruɗar da su. Charles Moore ne ya tayar da maganar, a 1997 yana komawa California daga Hawaii bayan wata gasar tsere ya bi ta wani yanki na arewacin Fasifik da matuƙa ke gujewa saboda rashin iska, ya yi kwanaki yana ganin tarkacen roba. Daga nan labarin "tsibirin shara" ya bazu, alhali babu wani tsibiri, ba abin da za ka taka ka tsaya, mafi yawa ɓurɓushi ne a warwatse kamar ƙura. Ana kama shi da wata raga mai buɗaɗɗen baki da fukafukai biyu, hujinta kashi ɗaya cikin uku na milimita, a ja ta a gefen jirgi a hankali kamar rabin awa ko awa ɗaya, a juye abin da ta tara a rariya, sai a zauna da hantsaki ana tsince shuɗi da fari daga cikin halittu masu yauƙi. Ɗaliban Sea Education Association ta Woods Hole a Amurka sun yi wannan a jiragen filafilai tun 1986, ja fiye da 6,100 cikin shekara 22, suka ƙirga ɓurɓushi sama da 64,000 da hannu, kuma da shi aka tabbatar Atlantika ma tana da nata matattarar. Ƙungiyar 5 Gyres da abokan aikinta suka haɗa tafiye-tafiye 24 suka fitar da ƙiyasi a 2014: ɓurɓushi tiriliyan 5.25, nauyin tan kusan 269,000, na yawo a saman teku. Akwai kuma ƙungiyar eXXpedition da Emily Penn da Lucy Gilliam suka kafa a 2014, mata zalla, wadda ta fara zagayen duniya a 2019 korona ta katse shi.

Matsalar ita ce jirgin kansa roba ne daga sama har ƙasa. Filafilan roba, igiyoyin roba, fentin jikinsa roba, rigar sanyin da mai awon ke sanye da ita tana zubar da zare duk motsin da ya yi. In ba a ajiye wani kwano a buɗe a gefe don a ga abin da ke faɗowa daga iska ba, sai ka ƙirga zaren rigarka ka ce na teku ne. In iska ta yi ƙarfi igiyar ruwa tana danna ɓurɓushin ƙasa ragar ta wuce ta samansa, ka dawo ka ce wurin tsaf yake. Ido ma yana ƙarya, abin da ka rantse roba ne sai na'urar ɗakin gwaji ta ce ɓawon wata halitta ne.

Kada a ɗauka wannan laifin 'yan koyo ne kawai, tarihin awon zafin teku cike yake da irinsa. Da can da bokiti ake ɗebo ruwa a tsoma ma'aunin zafi, bokitin tamfol kuma iska na sanyaya shi kafin a karanta. Daga baya aka koma karanta zafin ruwan da ke shiga ɗakin inji, shi kuma yana ɗan ɗumi. Shekara da shekaru masana na ganin zafin tekun duniya ya faɗi da wajen digiri 0.3 kwatsam a 1945, an rasa dalili, sai a 2008 aka gano cewa lokacin yaƙi yawancin awon daga jiragen Amurka ne masu karanta ɗakin inji, da yaƙi ya ƙare jiragen Birtaniya suka dawo da bokitansu. Teku bai yi sanyi ba, masu awo ne suka sauya. A 2019 aka sake gano wata: lokacin da aka kwafe tsoffin bayanan jiragen Japan an yanke duk abin da ke bayan ɗigo, 15.8 ya koma 15, sai wani yanki na Fasifik ya fito kamar ya fi yadda yake sanyi. Shi ya sa masani na gaske in ka kawo masa lamba ba zai ce madalla ba tukuna, zai tambaye ka da me ka auna, yaushe aka saita na'urar, a wane zurfi, ƙarfe nawa, ina takamaiman wurin. Lambar da ba ta da waɗannan, ko a tsakiyar Fasifik aka samo ta, kwandon shara za ta.

Akwai kuma son rai na hanya. Masu jiragen sha'awa suna bin inda iska ke da daɗi ne a lokacin da take da daɗi, su tsallaka Atlantika a Nuwamba da Disamba bayan lokacin guguwa, 'yan tsere su shiga Tekun Kudu a bazararsa. Hunturun kudu, lokacin da aka fi buƙatar awon kabon, ba mai zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Yanzu maganar da na ce zan dawo kanta. Tafiye-tafiye da yawa ana sayar da gurbi ne, ka biya dubban daloli a ba ka gado da dutin dare da suna "ɗan tawagar bincike". Ni ban ga aibu a biyan kuɗin ba, da shi ake sayen abinci da gyaran jirgi, kuma wanda ya tsince roba da hannunsa kwana goma daga tudu ba zai dawo yadda ya tafi ba. Inda nake da ja shi ne a kira abu bincike alhali ba wanda ke jiran sakamakon. Gane su ba wuya: tambayi wace jami'a ko cibiya ce ta tsara awon, wane rumbun bayanai za a zuba shi, me aka wallafa daga tafiyar bara. In amsar ta koma kan kyawun faɗuwar rana da "wayar da kai", to ka san yawo za ka, ka ji daɗinsa a matsayin yawo. Sau da yawa ma ɗan abu ya fi babban buri amfani. Hoton wutsiyar kifin wel, wadda zanenta ya bambanta kamar zanen yatsa, in aka ɗora a shafin intanet na Happywhale kwamfuta na haɗa shi da na wasu, ta haka aka gano wani namiji da aka ɗauka a gaɓar Kolombiya ta Fasifik a 2013 da 2017 ya ɓulla kusa da Zanzibar a 2022, nisan fiye da kilomita 13,000.

Sai doka, wadda masu zumuɗi ke mantawa da ita. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko kan binciken kimiyya har mil 200 na teku daga gaɓarta, kuma ana neman izini ne aƙalla wata shida kafin a fara. Wato ɗebo ruwa a kwalba don a karanta DNA ɗinsa a ruwan wata ƙasa ba tare da takarda ba zai iya jawo maka abin da ba ka zata ba. Ko zurfin ruwa da na'urar kowane jirgi ke nunawa, wanda ake roƙon matuƙa su riƙa turawa rumbun da ke Boulder a Amurka don taswirar ƙasan teku, ba a sakin na ruwan ƙasar da ba ta amince ba, don wasu na ganin sirrin tsaro ne. Kuma ƙasashen da ke ɗari-ɗari suna da hujja. Wani bincike na 2018 ya nuna kashi 98 cikin 100 na rajistar mallakar ƙwayoyin gadon halittun teku na hannun kamfanoni da cibiyoyin ƙasashe 10 ne, kamfanin BASF na Jamus kaɗai na da kashi 47. Jirgi ya zo daga nesa, ya ɗebi samfur a ƙofar gidanka, a karanta a wata nahiya, a wallafa ba sunan ko mutum ɗaya daga ƙasarka, wa zai so? Tekun da ba na kowa ba kuma, kusan kashi biyu cikin uku na duka, sai a 2023 aka amince da yarjejeniyar da ta taɓo yadda za a raba amfanin abin da aka samo a cikinsa. Wasu tafiye-tafiyen sun fara gyara, suna ɗaukar matasan masana daga ƙasashen da suke ratsawa, ana kuma ƙera na'urori masu arha irin PlanktoScope, ƙaramin madubin ɗaukar hoton filankton da mutum zai iya harhaɗawa da kansa.

Wani zai ce to in iska ce sirrin, me ya sa sai da mutum a ciki? An riga an yi wannan tunanin. Kamfanin Saildrone na ƙera jiragen iska marasa matuƙi, a 2019 ɗaya ya zagaye Antatika cikin kwana 196 har da hunturun da mutane ke gudu yana auna kabon, a Satumbar 2021 wani ya kutsa cikin guguwar Sam a Atlantika ya aiko da bidiyo daga ciki. A awon zafi da gishiri da kabon, ina ganin nan gaba su za su kwashe kaso mai yawa na aikin. Abin da har yanzu ba su iya ba shi ne ninke matata a jefa cikin naitirojin kafin ta lalace, ko warware ragar da ta harɗe da ƙarfe uku na dare, ko bambance zaren riga da na teku a cikin rariya. Wannan kam sai mutum, da hantsakinsa da jirinsa da bokitin amai a gefe.